Masarar Satumba a Gonar Makaranta

Aikin farko da na yi a Najeriya ba koyarwa ba ne, baƙanta allo ne. Gefen bangon aji aka shafe da siminti aka ce ga allo nan, fari fat, ko ka goga alli ba ya nunawa. Hedimasta, Malam Lawal, ya miƙo mini tsofaffin batiran rediyo guda shida da ƙullin ƙaro. Sai ka fasa batir ka kwashe baƙin garin da ke ciki, ka jiƙa ƙaro ya narke, ka dama su tare, ka shafa da tsumma har sau uku, kowace shafa ka jira ta bushe. In ka yi gaggawa, allonka zai bi bayan rigarka zuwa gida. Ni na yi gaggawa, kuma farar riga ce a jikina.

Ina ba ku wannan labari ne, ku da ake turo mana kowace shekara koyon koyarwa, don na ji abin da kuke faɗa in kun zauna a inuwa. Wai malanta ai alli ne da baki, wanda ya rasa abin yi shi ke faɗawa ciki. To ku gyara zama. Ni da takardar kwalejin noma na zo, mai jan hatimi, amma kafin in yi wata biyu saura kaɗan in rufe aji da hannuna.

Sunana Isiyaku, sai dai daga Sabuwa har Ƙanƙara ba wanda ya san ni da shi, Malam Ɗan Gana ake ce mini. A zangon Hausawa na wani gari kusa da Kumasi aka haife ni. Kakana bafatake ne, goro ya kai shi can ya zauna. Lokacin da kuɗin mai ya buɗe a Najeriya, gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga firamare, aka wayi gari azuzuwa sun fi malamai yawa. Aka shiga neman malamai ko'ina, Indiyawa, mutanen Masar, mu na Gana kuwa mota-mota muka riƙa zuwa. Ni murna biyu nake yi. Ga albashin da ban taɓa mafarkinsa ba, ga shi kuma a ganina gida zan koma, ƙasar kakana. Ina jin Hausa, ina salla, me ya rage?

Abin da ya rage na fara ganinsa a bayan a-kori-kura daga Funtuwa, a tsakiyar watan Satumba. Ni ɗan kurmi ne, na saba in ɗaga kai in ga ganye. Nan kuwa sama ce ta sauko har ƙasa ta kowane gefe. Dawa ta fi mutum tsawo, auduga ta yi fure, ga duwatsu baƙaƙe can nesa, ga shanu. Ina ta nuna abubuwa ina tambaya, har wata tsohuwa mai riƙe da kaji biyu ta tambayi yaron mota ko lafiyata ƙalau. Aka sauke ni a wani ƙauye tsakanin Sabuwa da Damari, da akwatina da katifata, bakina ya ƙi rufuwa don daɗi.

Hausar da nake taƙama da ita, ina buɗe baki sai yara su sunkuyar da kai suna ƙyaƙyatawa. Na nemi sakwara aka ce sai in na je Zariya. Tuwon dawa da miyar kuka, kwana uku muna kallon juna, a na huɗu yunwa ta sasanta mu. Gaisuwa kaɗai sai da na yi mako ina koyo. A tambaye ka gajiya, a tambaye ka baƙunta, a tambaye ka ruwa. Ita wannan ta ƙarshe, "ya ruwa?", na ɗauke ta gaisuwa ce kawai irin ta cika baki.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Ƙararrawa ƙarfen ƙafar mota ne a rataye a darbejiya. Alli in ya ƙare, sai mu aika a sayo mana farar ƙasar Ƙanƙara, mu jiƙa, mu murza ta kamar yatsa, mu shanya. Akwai littafin tsara darasi da hedimasta ke sa wa hannu kowace Litinin. Sai babbansu, rajista. Ku kuna ganinta littafin kiran suna, to a lokacinmu ita ce ran malami. Malam Lawal ya gaya mini tun ranar farko cewa in yaran aji suka kasa ashirin, ofishin ilimi zai haɗe ajin da wani, malamin kwantiragi kuma a sallame shi. Ni ne malamin kwantiragin.

Yara talatin da ɗaya aka ba ni, goma sha huɗu daga gida guda. Malami ma yana da masu ciniki, kuma ba yaran ba ne, iyayensu ne. Babban mai cinikina shi ne Baba Ranau. Bamaguje ne, gidansa kaɗai ya yi wata unguwa, 'ya'ya da jikoki da surukai duk a ciki. Shi ne Sarkin Noma, kuma ba gado ya yi ba, dami dubu ya ɗaure a shekara guda aka naɗa shi. Malam Lawal ya yi sawu ya gaji kafin tsohon ya yarda ya ba da yaran, da ya tashi bayarwa kuma ya ce, "Aro na ba ku." Shi ya sa sunayensu suke a jere a ƙasan shafi, su aka rubuta a ƙarshe.

A mako na biyu Malam Lawal ya buɗe mini ɗakin ajiya. Na ga buhu biyu na takin zamani da rabin buhun irin masara, an aiko wa gonar makaranta amma sun iso a makare. Na zura hannu a buhun nan, ƙwayoyi manya-manya. Masara ai ita ce sana'ata! Ga fili a bayan aji, ga ruwa yana zuba kusan kowace la'asar.

A nan ne sai kun fahimci inda na fito. A ƙasar Asante, wato yankin Kumasi, damina biyu muke da ita a shekara, babba da ƙarama, kuma ƙaramar a Satumba take kamawa. Tun ina yaro, in Satumba ta yi, masara ake shukawa. A kwaleji an gaya mana cewa arewa damina ɗaya ce, na ma rubuta a jarrabawa na ci. Amma na ga ruwa da idona, ƙasa jiƙe, ko'ina kore, sai jinina ya ce mini ƙaramar damina ce ta shigo. Ashe wutsiyar babbar nake kallo.

"Ranka ya daɗe, gobe za mu shuka," na ce wa hedimasta.

"Yanzu, Malam?"

"Yanzu."

Ya dube ni, ya dubi buhun, ya ce, "To, Allah shi ba da sa'a."

Na ɗauka izini ne. Sai daga baya na gane cewa a nan ba a gyara wa baƙo magana kai tsaye, balle baƙon da gwamnati ta ɗauko daga wata ƙasa musamman don ya san noma. Wannan addu'ar ita ce iyakar gargaɗin da kunya ta bar shi ya yi mini.

Shukar kam ta yi kyau, wannan ko maƙiyina ya shaida. Na sami doguwar igiya na ƙulla mata ƙulli a kowane taku, yara biyu su ja ta, sauran su bi ƙulli suna sara. Ƙwaya biyu a rami. Da ta fito, taki cikin murfin kwalba ɗaya, a ɗan nesa da tushe don kada ya ƙone ta. Da igiyar nan na koya musu ƙirga da awo, ba su ma san darasi ake yi ba. Kwana biyar masara ta tsiro, layi-layi, miƙe sambal. Masu wucewa kasuwar Damari suka riƙa tsayar da jakuna suna kallo. Ni kuma in fito in tsaya a bakin gona, hannu a ƙugu, ana gaishe ni ina amsawa.

Kada ku ce mutanen sun rasa wayo. Zamanin abin mamaki ne. A shekarun nan suka fara ganin tarakta tana yin aikin gayya guda kafin azahar, suka ga farin gari a buhu yana mai da ganye baƙi ƙirin don ƙoshi. To da suka ga malamin gwamnati yana shuka a Satumba, sai magana ta bazu cewa an kawo masarar da ba ta bukatar ruwa. Ni ban san ana faɗa ba.

Wata safiya sai ga Baba Ranau da kansa, gajere, kakkaura, gatari a kafaɗa. Ya zagaya gonar sau biyu, ya tsuguna ya taɓa ganye.

"Malam baƙo, wanga abu yaushe za ya nuna?"

"Wata uku, Baba."

"Wata ukku. Da wane ruwa?"

"Da ruwan da ke tafe."

"Ka tabbata shina tahe?"

"Baba, wannan shi na karanta shekara uku. Na tabbata."

Ya miƙe tsaye. Sannan ya ce in auna masa tiya biyu. Wayyo, daɗin da na ji! Sarkin Noma guda yana karɓar iri a hannuna. Bai daɗe da yanke gero a gonarsa ta bakin hanyar kasuwa ba, a nan ya shuka, da igiya irin tawa, inda duk mai wucewa zai gani.

An ƙara ruwa sau uku. Daga nan sama ta washe, ta yi shuɗi, ta ƙi komawa. Kowace la'asar in fito in dubi gabas, ba ko gizagizai. Ganye ya fara naɗewa da rana yana warwarewa da safe, daga baya ya daina warwarewa. Na sa muka riƙa jan ruwa da guga muna bayarwa, kwana biyu Malam Lawal ya hana, ya ce rijiyar ta gari ce, kuma da ita za a kai bazara. Masarata ta tsaya iya gwiwa ta bushe a tsaye. Awaki ne kaɗai suka ci riba.

Tawa asarar mai sauƙi ce, baƙo ne ni, an yi dariya an wuce. Baba Ranau fa? Mutumin da ake zuwa daga Faskari a tambaye shi ranar shuka. A kasuwa abokan wasansa suka sa shi gaba: "Sarkin Noma, a sayar muna da masarar rani mana!" Har mahauta sai da suka tanka. An ce saɓa gatarinsa kawai ya yi ya koma gida ko gishiri bai saya ba.

Ranar Litinin na buga ƙararrawa, benci uku babu kowa. Na zana sifiri goma sha huɗu a jere a rajista. Yara goma sha bakwai suka rage mini. Malam Lawal ya ce sufeton makarantu ba zai zo ƙirga ba sai farkon damina mai zuwa, zai iya rufa mini asiri zuwa lokacin, daga nan kuma ba shi da iko. Kunya ta hana ni cin abinci ranar. Ba aikin kaɗai nake tsoron rasawa ba. Yaran nan sun fara haɗa baƙi, wasu har suna rubuta sunansu, ni na jawo aka mayar da su.

Goro kam na san shi, jikan bafatake ne ni. Ranar kasuwa na zauna gaban mai goro na zaɓi ƙwarya guda da hannuna, fari tas, ba mai tabo ko ɗaya. Washegari na tafi gidan Baba Ranau, na cire takalmi tun daga nesa, na tsuguna a gaban 'ya'yansa da surukansa. Na ce laifina ne. Na ce ba wata masarar gwamnati da ba ta shan ruwa, ni ne na zo da daminar garinmu a ka. Na yi masa bayanin babba da ƙarama.

"Damina biyu?" in ji shi. "Cikin shekara guda?"

"Biyu, Baba."

"To kai mi ya hito da kai daga ƙasar?"

Gidan duka ya kwashe da dariya, har da matan da ke leƙe ta bayan danga. Na ce a raina an huce ke nan. Ina! Ya sa aka ɗauki goron, sannan ya ce, "Goro na amsa. Ɗiyana ko suna gida. Wanda bai san lokacin da ruwa ke ɗaukewa ba, mi za ya koya masu?"

Ban shirya abin da na faɗa ba, fitowa kawai ya yi. Na ce, "To Baba, ni ka koya mini."

Ya kalle ni tun daga ƙafa har kai. "Malamin gwamnati? Da wannan hannu mai laushi?" Ya juya ya ce wa babban ɗansa, "Tanko, ran Assabar a ba shi lauje."

Haka na shiga koyon sana'a karo na biyu, kowace Asabar, wata bakwai cur. Yankan dawa na fara. Ka kwantar da kara, ka bi kana yanke zangarniya, ka jera kai da kai, ka ɗaure dami da igiyar rama. Damin da na fara ɗaurewa, ana ɗagawa ya zube, wata surukar gidan ta sake ɗaure shi da hannu ɗaya tana ba jariri nono. Tafina ya yi ƙuraje ya fashe ya yi kanta. Muka tsinci auduga, muka kai taki gona da jakuna, muka yi sassabe. Ya nuna mini yadda ake zaɓen zangarniyar iri tun tana tsaye, a rataye ta inda hayaƙi ke bugu don ƙwari.

Kuma wallahi daɗi nake ji! Kowace Asabar sai na koma da sabon abu. Ya nuna mini gawo, itacen da ke yin ganye da rani, in ya fara zubarwa damina ta matso. Ya ce in lura da ranar da shamuwa za ta sauka kan kuka, da ranar da iska za ta juya ta fara zuwa daga kudu, da tururuwa in ta fara kwashe ƙwanta zuwa tudu. Ya ce in an yi ruwan fari a tona ƙasa da hannu: in laima ta kai wuyan hannu a shuka, in iya yatsu ta tsaya a jira. Na cika littafi biyu. Ranar Litinin kuma in kai wa yarana goma sha bakwai, mu yi lissafi da dami, mu yi rubutu da sunayen itatuwa. Sai a lokacin na fara zama malami, don sai a lokacin na fara koyar da abin da ke bakin ƙofarsu.

Maganar yaransa kuwa bai ƙara tayarwa ba, ni ma ban tayar ba. Ina ganinsu a gona, su rusuna su ce, "Sannu Malam," in amsa, zuciyata tana ciwo. Wani ɗan ƙasarmu da ke koyarwa a Faskari ya ce in bar wahalar nan in bi shi Ikko, aiki na nan birjik. Na ce ya bari in ga damina.

Ruwan fari ya sauka wata Juma'a da la'asar, da iska da tsawa, ƙamshin ƙasa ya cika gari. A makon ne kuma takarda ta zo cewa sufeto na tafe nan da kwana goma. Asabar da sassafe na isa babbar gonar Baba Ranau na tarar da mutum sun fi arba'in a tsaye, maza da sungumi, mata da ƙoren iri. Har maƙwabta sun zo, don a wajen ba mai sara rami sai Sarkin Noma ya sara.

Tsohon ya tsuguna ya tona da hannu, ya daɗe yana murza ƙasar. Sai ya yafito ni. Na tsuguna na tona kusa da nasa. Laima ta wuce yatsu, amma ba ta kai wuyan hannu ba, a tsakiyar tafi ta tsaya. Na ɗaga kai: gawo ya zubar da rabi ya riƙe rabi. Shamuwa ta zo, amma iska ba ta gama juyawa ba.

Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "To Malam, ka yi wata bakwai. Mu shuka?"

Na san jarrabawata ce, kuma na san yaran nan goma sha huɗu suna bakin amsar. In na ce a shuka ruwa ya ɗauke, irin mutum arba'in ya ƙone a ƙasa. In na ce a jira ruwa ya ci gaba, na sa Sarkin Noma ya zama na baya a shuka. Bayani iri-iri ya taso mini, mai daɗin ji, irin wanda malami ke yi in yana son ya rufe ramin da ke kansa. Za ku san shi ranar da ɗalibi ya yi muku tambayar da ba ku shirya ba. Na haɗiye shi.

Na ce, "Baba, ban sani ba."

Sai dariya ta ɓarke. Wani daga baya ya ce, "An yi asarar Assabar!" Na sunkuyar da kai ina kallon ramin da na tona, na ce shi ke nan, sai in je in ɗaure katifata.

Baba Ranau bai yi dariya ba. Ya miƙe, ya karkaɗe hannu, ya jira har aka yi shiru.

"Ni ma ban sani ba," in ji shi. "Tun ina saurayi nike tsayawa nan duk shekara, ban taɓa sani ba. Rabi za mu shuka, mu riƙe rabi." Ya karɓi sungumi ya sara ramin farko, mutane suka bazu cikin gona da sowa. Har ya yi gaba, sai ya waiwayo ya ƙwala wa babban ɗansa kira. "Tanko! Jibi Littinin. A wanke yaran nan a kai mashi."

Ranar Litinin na buɗe rajista na fara kira, Malam Lawal yana tsaye a bakin ƙofa. Goma sha bakwai na farko suka amsa kamar kullum. Na kira na goma sha takwas, aka ce "Na'am, Malam" daga bencin baya. Na ɗaga kai na ga benci ukun nan sun cika, na tsaya ina kallonsu har na manta da kiran. Sai Malam Lawal ne ya shigo ya karɓi rajistar ya ƙarasa mini.